Matar da ke cikin takardun Lawwali

Alhamis, takwas ga watan Safar, shekara ta dubu da ɗari uku da goma bayan Hijira, la'asar sakaliya, a zauren Malam Attaher da ke Matamaye —

...kuma tawadar ma ba ta ji ƙaro ba. Yana ɗaga fallen ga hasken ƙofa, ruwa-ruwa. Takardar da raƙuma suka ɗauko tun daga Tarabulus, a ɓata ta haka. Ko kalmar da ake sawa a gindin shafi don a gane mai bi masa, yaron nan, Lawwali, bai sa ba. Gaggawa. Dukansu gaggawa suke.

Zaure ya cika har bakin ƙofa, mata kuma suna bayan zana. Tun gemunsa na baƙi yake karanta wa garin nan ƙissoshin magabata kowace Alhamis, yaushe aka taɓa rasa wurin zama? Sai da Lawwali ɗan fatake ya dawo daga Kano da sabon yayi: labarin da mutum ya ƙaga da kansa, ya rubuta da ajami, yana kawowa falle-falle kowane mako don a kwana da ƙishirwa.

"Baba Malam, rubutu nawa ne, amma murya taka ce," in ji Lawwali ranar da ya kawo fallen farko.

Ya karɓa. Don me? Ai ya sani... zauren da ya saba ganin tabarmi sun fi mutane yawa.

Littattafan yanzu. Ya ga waɗanda fatake ke kawowa, duk uwarsu ɗaya. Mata a ciki babu mai kaushi, babu mai tari, babu wadda hayaƙin murhu ya taɓa sa wa hawaye. Maza kuwa ko jarumi ko azzalumi — ina mutumin da ya gaji kawai? Ina wanda ya dawo gona ya zauna bai ce komai ba? Kuma in mutum zai mutu sai ya sami sararin jera magana mai zaƙi, sai ka ce ajali ya tsaya a ƙofa yana jiran ya gama. Mutanen dā suna tsoron alƙalami: wane ya ji daga wane, wane daga wane. Waɗannan daga wa suka ji? Daga cikinsu.

Bakinsa yana karantawa, shi yana can wani wuri. "Sai Zainabu ta iso bakin tsohuwar rijiyar Dawce, a shekarar fari, ta kwance awarwaronta na azurfa—"

Dawce. Fari.

Ya tsaya da karatun.

Ba Zainabu ba ce. Sa'a ce. Matarsa. Yaron ya tsinci labarin a bakin kakarsa, labarin matar da rijiya ta cinye, ya sauya mata suna, bai ma san a cinyar wa ya ɗora ba. Wa zai gaya masa? Waɗanda suka sani duk suna bayan gari, ƙarƙashin ƙasa.

Azurfa... Sa'a da azurfa? Gajera ce, baƙa, haƙorinta ɗaya na gaba ya karye tun tana yarinya, in tana dariya sai ta kare da bakin zane. Ba don masoyi ta shiga ba, ba don baƙo mai ƙishirwa ba. Ruwa ne ya janye har guga ba ta kamawa, mata suke sauka da ƙoƙo suna kwarfar taɓo, ranar layi ya zo kanta, rijiyar ta rufta. Shi ke nan. Yaron ya rubuta wai ƙasa ta yi tsawa, tsuntsaye suka tashi. Wace tsawa? Waɗanda ke wurin sun ce kamar taiki ya faɗo daga bayan jaki. Dim. Sai ƙura. Shi, mijinta, ya zo da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa, yana tono da hannu, farcensa na tsagewa, ƙoƙon ne ya fara fitowa, ko tsagewa bai yi ba —

"Malam, ci gaba mana." Idrisa mahauci ne, daga gindin bango. "Ko kai ma Zainabun ta tafi da kai?"

Dariya. Yana ci gaba. Me zai yi? Ido yana bin layi, murya tana yin abin da ta saba, tana sauka inda ya kamata a sauka, tana rawa inda ya kamata:

"Ku gaya wa wanda nake so, ruwan da na ɗiba nasa ne, ƙasar da ta rufe ni tawa ce."

Bayan zana wata tana shessheƙa. Idrisa ma ya sunkuyar da kai. Abin da ya fi ciwo ke nan... ya iya. Ɗan banzan yaron ya iya. Da bai iya ba da sauƙi.

Malam Attaher yana kifa fallen a kan buzu.

"Ƙarya ne. Ba haka ta ce ba."

Lawwali ya matso, ba fushi a fuskarsa, sai zumuɗi. "Ashe ka san ta, Baba Malam? To me ta ce? Gaya mini in gyara."

In gyara. Kamar ɗinkin riga.

Me ta ce... Safiyar nan, tana naɗa gammo a bakin ƙofa, tulu a ƙugu, ta waiwayo. Magana ce ƙarama, ta gida, har da ɗan faɗa a ciki. Ya riƙe ta duk shekarun nan, bai ba kowa ba, bai ma sa ta a takarda ba don kada wani ido ya taɓa. Gishiri? A'a. Akuya ce ta shiga... a'a. Jiya ma tana nan, ya ji ta kafin asuba. Ga fuskar, ga bakin yana motsi, ga muryar mai ɗan kaushi tana tahowa — ruwan da na ɗiba nasa ne —

A'a. Sa'a, ba ke ba ce wannan. Sake faɗa.

Ƙasar da ta rufe ni...

Da bakinsa. Da muryar da ya yi shekaru yana gogewa. Shi ya ɗura mata.

Suna jira. Wani ya yi tari. Hadari ya haɗo daga wajen Kurni, wani ya tuna bai ɗaure jakinsa ba. Ana karkaɗe riguna, ana neman takalma, ana cewa tsufa ne, Allah ya ba shi lafiya, mako mai zuwa a ba wani ya karanta. Yana ji. Bakinsa a buɗe, yana jiran kalma ɗaya, ko ɗaya...

Da aka kira magariba, waɗanda suka rage a zauren su ne: Ummaru makaho, da ba wanda ya zo jansa, tsohuwa Takawa a bayan zana, wadda ba ta ji tun bara, Lawwali, durƙushe, alƙalami a hannu, sai Malam Attaher, da wata mata mai awarwaron azurfa da bai taɓa aura ba.