Gorar da Ta Ƙi Daskarewa

Washegarin Babbar Sallah, tun da hantsi gidan Lado da ke Kibiya ya cika. Dangi daga Durba sun zo, surukinsa Malam Datti ya iso daga Rurum a bayan babur, yara kuwa sai ka ce an taso makarantar allo. Ba nama ne ya tara yaran ba. Wani ɗan inji ne da Ramalan, ƙanen Lado, ya zo da shi daga Kano, mai markaɗa ƙanƙara ta fito lilis, a sha da cokali.

Tun jajibere Tani, matar Lado, ta haɗa zoɓo da tsamiya, ta ɗura a tsofaffin gorunan lemo, ta kai firizar maƙwabta mai aiki da sola. Ga su nan a bokiti sun yi tauri kamar dutse. Ramalan ya tayar da janareta. Sai ya yanka gora da wuƙa, ya jefa curin a inji, ya danna, injin ya yi gurnani, yara su sa ihu suna miƙo kofuna.

"Yaya, zo ka ɗana," in ji Ramalan. "Ko kai ma tsoronsa kake ji, kamar yadda kake tsoron waya mai shafawa?"

Aka yi dariya. Malam Datti dai ya ƙi karɓa.

"Haƙorana ba sa shiri da ƙanƙara. In akwai wanda bai daskare ba, a kawo mini."

"Akwai, Baba," in ji Tani daga bakin madafi. "Bari in sallami yaran nan."

Tabarmi suka gaza, Lado ya shiga sito ya ɗauko ƙari. Yana sunkuyawa idonsa ya faɗa lungun bayan buhun taki. Babu komai a wurin.

Makon jiya shi da maƙwabcinsa suka raba galan guda na maganin kashe ciyawa. Ya juye nasa kason a gorar lemo, ya sa leda a ƙarƙashin murfin don kada ya zuba, ya ajiye a nan. Launinsa sak na ruwan tsamiya. Bai gaya wa kowa ba, don a ganinsa wa zai leƙa bayan buhun taki?

Ya ja buhun. Ya laluba ƙasa da hannu, ya ɗaga tsohon bargo, ya sake jan buhun. Gumi ya karyo masa har cikin ido. A waje injin ya sake gurnani.

Ya fito ya ja Tani gefe.

"Ke, a ina kika jera gorunan nan kafin a kai firiza?"

"A sito mana, can ya fi sanyi."

"Duka kika kwashe? Har ta lungu?"

"Ina sauri, duk abin da na gani na zuba a bokiti. Malam, lafiya? Ka ga fuskarka kuwa?"

Lado ya juya. Ya dubi tsakar gida. Yara sun fi ashirin, kowane da kofi, wasu bakinsu ja, wasu na lasar tsamiya daga cokali. Ga tarin yankakkun goruna a gindin dalbejiya. In ya faɗa, a gaban surukinsa da dangi duka, shi ne mutumin da ya ajiye guba a gorar abin sha. Wataƙila ma ba ta cikinsu. Wataƙila ɓera ya ja ta. Wane ɓera ne zai ja gora cike?

Sai autarsa Bara'atu, 'yar shekara biyar, ta saki kofinta ta dafe goshi da hannu biyu.

"Baba, kaina! Kaina zai fashe!"

"Ramalan, kashe shi!" Muryar da ta fito daga bakin Lado shi kansa bai san ta ba. "Kashe! Kowa ya ajiye kofi! Akwai maganin ciyawa a cikin gorunan nan!"

Injin ya yi shiru, gidan ya ɗauki salati. Mata suka rufa a kan 'ya'yansu, wata na zura wa ɗanta yatsa a baki, wata na kiran a kawo manja, wata ta ce a nemo nono a rugar bayan gari. Yaran da ba abin da ke damun su, ganin iyaye na kuka, su ma suka ɓarke.

Lado ya sungumi Bara'atu. Jikinta sanyi ƙalau, ko kuwa hannunsa ne, bai sani ba.

"Yaya, tsaya," in ji Ramalan. "Wannan ciwon kan na sanyi ne. Duk wanda ya haɗiye da sauri haka yake yi masa, yanzu zai wuce."

Yarinyar ma ta fara sassauta kukan, tana sharar majina. Amma wannan bai kwantar wa Lado da hankali ba. Ya san aikin maganin nan a gona. Ranar da aka fesa, ciyawa kore shar kamar ba a taɓa ta ba. Sai bayan kwana uku ka zo ka tarar ta ƙone har saiwa.

"Tayar da babur, asibitin Rano za mu."

"Da yara ashirin, Yaya?"

Malam Datti ya miƙe da sandarsa. Bai ɗaga murya ba.

"Lado, likita zai tambayi abin da suka sha. A nemo gorar tukuna. Yaya take?"

Lado ya kasa haɗa ido da shi. Ya durƙusa a gindin dalbejiya, yarinya a kafaɗa, yana ɗaga yankakkun gorunan ɗaya bayan ɗaya yana shinshinawa. Tsamiya. Zoɓo. Tsamiya. Hancinsa ya daina bambancewa.

"Akwai leda a ƙarƙashin murfinta, Baba," ya ce. "Baƙar leda."

Tani ta yi wata ƙara, ta juya da gudu madafi. Da ta fito, faranti ne a hannunta, kofin silba a kai, ga gora a tsaye kusa da shi. Cike take, gefen baƙar leda na leƙowa daga murfin.

"Ita kaɗai ta ƙi daskarewa," in ji ta, da ƙyar ake jin ta. "Shi ne na ware wa Baba."

Malam Datti ya dubi kofin, ya dubi gorar, ya koma a hankali ya zauna a kan tabarma.

"Alhamdu lillahi," ya ce. Can ya ƙara da cewa, "Lado, raba gorar da gidan nan."

Lado ya sauke Bara'atu. Ya murɗa murfin ya ji yana nan gam yadda ya ɗaure shi. Yarinyar ta tsinci kofinta daga ƙasa, ta kaɗe yashi, ta ja masa riga.

"Baba, ya daina. A ƙara mini?"

Lado ya shafa kanta. Ya saɓa fartanya, ya riƙe gorar nesa da jikinsa, ya bi ta tsakiyar baƙi ya nufi gona ya binne ta, ko takalmi bai tsaya sawa ba.