Aiken da Saje Ya Bar wa Tela

"Ɗaga kanka! Tayar ba za ta gudu ba, gaba za ka kalla!"

Saje bai rufe baki ba Tela ya nufi kwata gadan-gadan, shi da keken da tumbinsa. Ya tashi yana karkaɗe wando, masu shagunan layin suna ta ƙyaƙyata dariya. Mutumin da ya tsufa a kan feda ke nan, amma ta keken ɗinki, wanda bai taɓa kai shi ko bakin titi ba. Ga shi da furfura ana koya masa hawa.

Saje maƙwabcinsa ne, katanga ce kawai tsakaninsu. Tsohon soja ne da bai yarda da mota ba. Yakan ce mai keke ne kaɗai ya san birnin nan, sauran wucewa kawai suke yi. Yanzu ciwo ya cinye shi, saura ƙashi da murya. Yana zaune a benci cikin bargo, amma odar tana nan.

"Saje, don Allah me ya yi zafi?" in ji Tela. "In aike ne, ba sai in hau tasi ba?"

"Zo ka zauna."

Nan ya gaya masa abin da bai taɓa faɗa ba. Lokacin yaƙi, shi ake turawa gidajen bariki da labari a keke. In lafiya ta kawo shi, tun daga bakin layi yake kaɗa ƙararrawa. In mutuwa ya ɗauko, sai ya sauka ya turo keken a hankali, shiru, don masu gida su nemi wurin zama kafin ya buɗe baki.

"Kofur ya san wannan. Tare muka je daji, can ya baro idanunsa. Yana bayan gada, ba shi da kowa, ni nake zuwa in yi masa aski. Ba na so ya ji mutuwata a waya, Tela. Waya ba ta riƙe mutum in jiri ya ɗebe shi. Ka je ka tura keken har ƙofarsa, zai gane."

"To ni me zan ce masa?"

"Kai? Kada ka ce komai. Na san ka, kuka za ka fashe da shi."

Tela ya tashi ya sake hawa. Ya faɗi, ya hau, ya faɗi, har masu dariyar suka gaji suka fara riƙe masa keken ta baya.

Wata safiya Saje ya ce a fitar da shi rana. 'Yarsa ta kawo shayi, ya kurɓa kaɗan, ya dubi keken da ke jingine da bango. "An yi wa tayar baya iska?" Tela ya ce an yi. Saje ya gyaɗa kai ya lumshe ido. Shayin bai huce ba ya cika.

Gida ya cika da kuka. 'Yar na ta kiran dangi. "Kawu, ga lambar maƙwabcin Kofur, in kira?"

"Ajiye, 'yata. Wannan nawa ne."

Bai taɓa wuce ƙarshen layinsu a keke ba. Babban titi ya karɓe shi da hayaƙi da ƙaho. Wani direban bas ya leƙo ya ce, "Baba, in ka gaji da duniya, ba a gabana ba!" Tela ya ci gaba da takawa. Tsoro yake ji sosai, amma idonsa na gaba. A shataletale ya kuskure hanya ya sake zagayowa. A hawan gada numfashinsa ya kusa ɗaukewa, ya cije ya taka.

Da ya kai bakin layin Kofur sai ya ja birki ya sauka.

Kofur na zaune a tabarma ƙofar ɗakinsa, tawul a kafaɗa, ƙoƙon ruwa a gefe. Ashe ranar aski ce. Ya karkata kai yana saurare. Babu abin da ke tashi sai ƙas-ƙas ɗin tayar baya. Murmushin da ya fara ya tsaya a nan, ya ajiye tawul ɗin a cinya.

"Keken nasa ne," in ji shi. "Takun ba nasa ba."

Tela ya buɗe baki, kuka ya riga magana fitowa.

"Kai ne Telan. Ya ce haka za ka yi." Kofur ya yunƙura zai miƙe, ƙafa ta ƙi, Tela ya tare shi da kafaɗa. Suka tsaya haka har jikin tsohon ya daina rawa.

"An kai shi?"

"Tukuna. Ana jira."

"Ka iya goyo?"

"Ban iya ba, Kofur. Amma sai mun je."

Kofur ya laluba ya sami sirdin, ya shafa inda fatar ta lotsa, ya bar hannunsa a wurin. Tela ya kama kan keken ya juya shi. Suka nufi gada a ƙasa, keken na tsakaninsu.