Milimita Tara

Kawuna ya yi shekara talatin da ɗaya yana buga sinuka, wasan tura ƙwallaye cikin rami da doguwar sanda, a babban teburin kulob ɗin tsofaffin ma'aikata. Dokar wurin guda ce: wanda aka cinye Asabar uku a jere ya bar babban tebur, ya koma ƙaramin da ke bakin ƙofa. Da na dawo daga karatu, na tarar an riga an cinye shi sau biyu.

Tsarabar da na kawo masa sabuwar sanda ce. Duk shekarun da nake waje, in muka yi waya sai ya yi mini kurin faɗin kan sandarsa milimita tara ne, siriri, irin na gwanaye. Don haka na sa aka fiƙe mini ita daidai tara.

Ya karɓa da hannu biyu. A nan na ga na daman yana rawa.

Kafin la'asar ya gama nuna ta a kulob. Cewa yake ɗan ƙanwarsa ya kawo daga ƙetare, kowa ya taɓa amma da tsabtataccen hannu.

Ranar Alhamis mai gyaran sanduna, wanda shagonsa ke bayan kulob, ya yafuto ni.

"Kai ne mai tsarabar?"

"Ni ne, Baba."

"Ka kyauta, ka kuma kashe shi." Ya ciro tsohuwar sandar Kawu daga cikin wasu, ya miƙo mini kanta. "Auna."

Na auna. Sha ɗaya.

"Shekara uku ke nan da na canza mata kai. Hannun da ke rawa faɗi yake so, ko ya kauce kaɗan fatar kan sandar ta kama ƙwallo. Siriri ba ya yafiya. Shi ya sani, ni na sani, bakinsa ne kawai ke cewa tara."

"To a sa wa sabuwar fata mai faɗi."

"A kan wannan tsinken? Bugu biyu ta ɓalle."

"A yanke ta zuwa inda take da kauri."

"Taƙi guda zai tafi. Ya shigo da guntuwar sanda, makaho ma ya gane."

Na je gida na same shi yana goge ta da tsumma. Na ce ya buga da tsohuwar wannan Asabar kawai, sabuwar tana son a saba da ita.

"Kai da ka yi karatun gine-gine, yaushe ka fara koyar da sinuka?"

"Kawu, na ga hannunka."

Bai ɗago ba. "Na gaya wa mutane ɗana ya san girmana. In shiga da tsohuwar in ce musu me?"

Asabar da yamma na tsaya jikin bango. Abokin karawarsa wani tsohon direba ne mai ƙaton ciki.

"Yallaɓai, wannan sanda ce ko allurar asibiti?"

"Yanzu za ka ji ta a jikinka," in ji Kawu.

Kawu ya ci jajayen ƙwallaye huɗu da baƙa ɗaya. Na fara numfashi. Sai farar ƙwallon da ake bugawa ta tsaya nesa, can jikin bangon tebur. Ya shafa wa kan sandar alli, ya sunkuya, ya daɗe. Ina kallon kan sandar yana zana ɗan da'ira a iska. Da ya buga, sai ƙaras, fatar ta zame. Farar ta gangara taƙi biyu ba ta taɓa komai ba.

Haka ta yi masa sau uku. A na ukun direban bai yi tsokana ba, ya cinye sauran ƙwallayen yana kallon ƙasa.

Kawu ya ba shi hannu, ya goge sandar tun daga kai har gindi, ya nufi bakin ƙofa. Mayafin ƙaramin teburin ya koɗe, labule na bugun gefensa.

"Ɗana," ya ce, "ɗauko mini allina."