Dabarar Na-Sama

Duk sa'ad da aka jona shi da injin wankin ƙoda, Na-Sama yakan lumshe ido ya koma bakin aikinsa. Ga shi can a ɗan ɗakin gilashi, a ƙololuwar injin ɗaga kaya, rana na dukansa ta ko'ina, gari kuwa na kaɗawa a ƙasa kamar ruwa ya shanye shi. Shirwa na gilmawa daidai kafaɗarsa. Wani lokaci har kwale-kwale yakan gani yana ratsa tsakanin benaye.

Shekara goma sha huɗu ya yi a can sama. Matakala ɗari da sittin ce tsakaninsa da banɗaki, don haka ya ɓullo da dabara: daga safe har yamma ba ya kai ruwa bakinsa. In kai ya sara, ya kora ƙwayar ciwon jiki da yawu. Abokan aiki na tsokanarsa wai raƙumi ne ya haife shi, shi kuwa gogan sai ƙara buɗe kafaɗa yake yi. Gumi ya yi ta tatse shi, fitsari ya koma launin shayi, bai kula ba, har ƙodojin biyu suka gaji suka ajiye aiki.

Fata ɗaya ya rage masa. Ƙanensa, mai 'ya'ya uku, wanda Na-Sama da kansa ya koya wa tuƙa injin ɗaga kaya, ya ce zai ba shi ƙoda guda. Yau sakamakon gwaji zai fito.

Likita ta shigo da takarda, ƙanen na biye yana murza hula. Ta yi bayani a tsanake: jininsu ya dace, amma ba za a taɓa ƙodar ƙanen ba, domin tasa ma ta fara rauni. In ya kiyayi zafi, ya riƙa shan ruwa, da sauran gyara. Sai ta tambayi ƙanen yawan ruwan da yake sha a wurin aiki.

Ƙanen ya sunkuyar da kai.

"Faɗa mata mana," in ji Na-Sama.

"Ba na sha, Yaya. Yadda ka koya mini nake yi."

Kunya ta lulluɓe Na-Sama, tsoro ya biyo baya, kuma ba don kansa ba. A gefen gado akwai rabin gorar ruwa, iya abin da aka yarje masa ya sha har gobe. Maƙogwaronsa a bushe yake tun safe. Ya miƙa hannun da babu allura, ya tura gorar gaban ƙanensa.

"Shanye," ya ce. "Ina kallo."