Ƙafa Sittin Tsakaninta da Dewey

Kwana goma sha ɗaya da binne Orval Stuckey, ƙungiyar besbol ta garin, wasan da ake jefa ƙwallo a doke ta da sanda, ta shirya ranar tunawa da shi. Shekara tara ya yi yana buga mata wasa, ya yi ashirin da biyu yana manajanta. Aka ɗinka baƙin ƙyalle a hannun rigar kowane ɗan wasa, aka kuma ce 'yarsa Lorna ce za ta yi jifan farko na buɗe wasa. Ita kaɗai ya haifa.

Babu wanda ya tambaye ta ko ta iya jifa. 'Yar Orval ce, ai magana ta ƙare.

Ta tsaya a bakin fili cikin rana, ƙwallon tana jiƙewa da zufa a tafinta. Tsofaffin 'yan wasa suna ta karɓar lasifika ɗaya bayan ɗaya, bakinsu ɗaya: uba ne a gare mu. Wani mai sanƙo har da hawaye, wai Orval ya yi wata uku yana gyara masa riƙon ƙwallo, kullum bayan an tashi. Lorna ta tuna watannin sarai. A cikin motar babanta ta yi su, gilashi a rufe, da littafi a cinya, tana jiran ya tuna ya zo da ita.

Dewey, wanda ya tsufa yana cafe wa ƙungiyar ƙwallo, ya matso yana ɗingishi.

"'Yar manaja, daga kan tudun masu jifa za ki jefa ko? Kar dai ki bari ta taɓa ƙasa. Tsohon zai taso ya zage mu kaf."

"Kawu Dewey, ban taɓa jifa ba."

Ya yi dariya, sai ya ga ita ba ta yi ba.

"Ko a tsakar gida?"

"Kullum Baba cewa yake hannunsa ya gaji. Ku kuka gajiyar da shi."

Aka kira sunanta. Ta hau tudun masu jifa, inda babanta ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Can ƙafa sittin Dewey ya tsugunna da ƙyar don ya cafe. Sai ta ga yana jan jiki gaba kaɗan-kaɗan, kamar mai gyara zama.

"Koma wurinka, Kawu."

"Ba wanda zai lura, yarinya."

"So nake su lura."

Ya dube ta, ya koma.

Ta jefa da iya ƙarfinta. Ƙwallon ta faɗi ko rabin hanya ba ta kai ba, ta gangara cikin ciyawa ta tsaya. Sai aka fara irin tafin nan da ake yi wa yaro don kada ya yi kuka.

Dewey ya tsinto ƙwallon, ya kawo mata kamar yadda aka saba, don ta tafi da ita gida ta ajiye.

"Riƙe abinka," in ji Lorna. "Ku ya koya wa."