Kile Mai Jan Zare

Rahina ta hure ƙurar da ke kan ordinatar, wato kwamfutar, ta goge sauran da gefen hijabinta. Kwana uku ke nan da fitarta takaba, kuma yau ta fara buɗe shagon mijinta Is'haƙa, mai gyaran na'urori a bakin kasuwar Dogon Dutsi, tun da mota ta kwashe shi a hanyar dawowa daga Dumega. Wayarsa can ta tarwatse. Abin da ya rage na muryarsa a duniya yana cikin wannan ordinatar: bidiyon sunan 'yarsu Husna, da wani da yake mata karatu tana cafkar gemunsa yana dariya. Yarinyar ta fara tambayar Abba. So Rahina take ta kwafe su ta kai mata gida, iyakarta ke nan.

Ta jawo aljihun tebur. Kile, filas ɗin nan na kwafar abubuwa daga na'ura, sun fi goma a ciki, duk kamarsu ɗaya, sai guda da aka ɗaura wa jan zare. Shi ta ɗauka, don kawai ya fi sauran tsabta. Ta cusa shi, sannan ta kunna. Baiwar Allah, wa zai gaya mata?

Allon ya yi shuɗi. Shafi ya fito da Faransanci, kafin ta gama karanta layin farko ya wuce. Wani ya fito, ya zaɓi harshe, ya zaɓi Nijar, ya wuce shi ma. Hannuwanta kuwa suna kan cinyarta.

Hindatu mai ɗinki, maƙwabciyar shagon, ta leƙo yi mata barka da fitowa. Sai idonta ya faɗa kan allon.

“Maman Husna, wa ke danna ta?”

“Ba kowa.”

Hindatu ta ja baya har bakin ƙofa. “Ni dai a gidanmu ba a buɗe wurin mamaci haka kai tsaye.”

Rahina 'yar islamiyya ce, zancen iska da doguwa tun tana yarinya ta bar wa kakarta shi. Amma wallahi ta ji tsoro. Rana tsaka ce, kabu-kabu na ta wucewa a waje, duk da haka hayaniyar kasuwa ta yi mata nisa. Kujerarsa tana gefe, da lotsawar zamansa a jiki, na'urar kuma tana aiki da saurin nan nasa na mutumin da ba ya son jira.

Ta kira Mus'ab, abokin aikinsa, wanda ya koma Tibiri. Sai a kira na biyar rezo ya yarda, layin ya shiga.

“Malam Mus'ab, ordinatar Abban Husna tana aiki ita kaɗai.”

“Kin sa mata wani abu?”

“Kile. Mai jan zare.”

 Sai ta ji yana salati a hankali.

“Wata biyu Is'haƙa ya yi yana haɗa wannan kile,” in ji shi. “Duk tambayar da na'ura ke yi in za a zuba mata sabon sistem, ya rubuta amsarta a ciki. Ka sa, ka kunna, ka tafi masallaci, ka dawo an gama. Kuma abin da take fara yi shi ne share duk abin da ta tarar.”

“Ba ta tambaye ni ba.”

“Ba za ta tambaya ba. Shi ya riga ya ce mata e.”

 Ta tuna Is'haƙa yana shigowa gida da murna yana cewa yanzu ko ba ya nan aiki zai yi kansa, ita kuma tana cewa to madalla, hankalinta na kan tukunya.

“Saurare ni,” in ji Mus'ab. “Danne maɓallin ki kashe ta. Akwai wani a Yamai, wataƙila ya tono wani abu. Amma duk mintin da ta ƙara a kunne, tana rubutu ne a kan abin da ya rage.”

Ta miƙa yatsa. Kafin ta taɓa, allon ya mutu da kansa. Ta ga fuskarta a cikin baƙin gilashin, da kujerar a bayanta. Sai ya sake haske, farin rubutu ya fito a tsakiya: *Bonjour, Rahina.*

Hindatu ko sallama ba ta yi ba, sai ƙarar silifa.

“Malam Mus'ab,” ta ce, “ta kira sunana.”

Ya ja numfashi. “Ba kowa ba ne, Maman Husna. Sunan da ya rubuta a ciki ke nan. Duk na'urar da ya gyara, daga Dutsi har Tibiri, da shi take farkawa, sai daga baya ya canza wa mai ita. Mun sha yi masa tsiya a kai. Bai taɓa gaya miki ba?”

Bai taɓa ba.

“Kin kashe?”

Yatsanta yana kan maɓallin, idonta yana kan rubutun.

“Yanzu,” ta ce.

Ba ta danna ba.