Waƙar Lokacin Shan Ƙanƙara

Kwana tara ke nan Onofrio Scalea, mai tsara waƙa da kiɗa, bai taka titin birnin Napoli ba. Don Saverio, mai gidan wasan, ya sa shi a wani ɗaki a saman dandamali, mai taga ɗaya da tsohon fiyano, ya ce ba fita sai ya kammala rubuta opera, wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa. Makaroni ma sama ake hawo masa da ita.

Waƙa ashirin da biyu ya rubuta, babu tasa ko ɗaya. Biyar na Sinyora Brigida ne, babbar mawaƙiyar da aka ɗauko daga Bolonya. Ita ta nuna masa inda za ta ja numfashi da inda za ta tsaya a yi mata tafi. Sauran ma kowa ya zo da ma'aunin muryarsa, shi kuwa ya yanka ya ɗinka kamar tela.

Ta ashirin da uku ce tasa. Ta zo masa da safe yana aski, har ya yanke haɓa. Layi takwas ce, ba hawa mai nisa, ba karya murya, goge biyu kawai a ƙarƙashinta. Shekara goma sha shida yana wannan sana'a, bai taɓa jin abin da ya rubuta ya fito yadda ya rubuta shi ba. Abin da yake so ke nan, a rera wannan a dandamali yadda take, kada a ƙara mata komai.

Wuri ɗaya ne idon Brigida ba ya kaiwa. A tsakiyar kashi na biyu manyan mawaƙa sukan huta, masu sayar da ƙanƙarar lemo su shigo, 'yan kallo su juya wa dandamali baya, sai hira da ƙarar cokula. A lokacin ake ba ƙaramar mawaƙiya waƙa ɗaya don kada wuri ya yi shiru. Nan ya ɓoye tasa, ya ba Nunziata, wadda ta shekara ashirin tana fitowa a matsayin baiwa.

Ranar gwaji da hantsi aka buɗe masa ƙofa, ya tare ta a matakala.

"Nunzia, 'yar'uwa, yau ki ɓata min ita."

"In ɓata? Maestro, zaman ɗakin nan ya taɓa maka kai ne?"

"Ki yi ta da gudu, ki haɗiye kalmomin, ki yi tari ma in kin ga dama. Sinyora tana zaune a gaba. In ta ji yadda take, ta ɗauke."

Nunziata ta yi dariya har ta dafa bango. "Shekara ashirin ina ɓata waƙa ba wanda ya roƙe ni. Yau har da roƙo? An gama."

Brigida tana kujerar gaba, ta naɗe wuya da gyale, tana ba Don Saverio labarin wani basarake da ya aiko mata da furanni. Wani kafinta yana buga ƙusa a bayan labule. Onofrio ya zauna a fiyano ya soma da sauri.

Layin farko Nunziata ta cika alkawari, ta tauna shi kamar busasshen burodi. A na biyu sai ta sassauta. Onofrio ya ƙara gudu, ya danna fiyano da ƙarfi don ya ja ta. Ta ƙi biyo shi. Masu goge biyun suka dubi juna, suka bi ta, suka bar shi. Ya yi ta buge-buge shi kaɗai, zufa na zubo masa. Kafin layi na shida kafinta ya ajiye guduma, kuma wannan shirun ne ya sa Brigida ta ɗago kai.

Da aka ƙare, Nunziata ta sunkuyo ta ce a hankali, "Ka yafe ni, Maestro. Bakina ne ya ƙi."

Brigida ta miƙe tana warware gyale.

"Ɗan maestro, ashe haka kake? Ka ba ni biyar masu tsalle kamar akuya, ka ɓoye naman a ƙarƙashin kwanon baiwa?"

"Sinyora, 'yar ƙaramar aba ce, ta masu shan ƙanƙara. Ba ta kai muryarki ba."

"To ka kai ta mana, aikinka ne. Da ita zan rufe wasa. Amma tsirara take, abin tausayi. Ka sa mata ƙaho da ganga, ka ja min kalmar ƙarshe in hau in sauko sau uku, ka bar min wurin tafi."

Onofrio ya juya wajen Don Saverio. "Gara in cire ta gaba ɗaya."

"Ka cire me? Duk takardar da ka rubuta a ɗakin can ta gidan wasa ce. Sunan Sinyora ne a jikin bango, shi ke kawo mutane. In ba za ka yi ba, in ba Gennaro mai kwafe mana kiɗa ya yi. Ka dai san hannunsa."

Ya san hannun Gennaro, kaca-kaca zai yi mata. Ya tattara takardun ya hau matakala, Don Saverio na biye da shi yana tuna masa cewa Nunziata ma tana bukatar sabuwar waƙa kafin gobe, kowace iri ce. Aka murɗa makulli daga waje.

Ya daɗe a zaune. Sau ɗaya aka rera waƙar yadda take, shi kuwa a lokacin faɗa yake da ita, bai saurara ba. Ya yi ƙoƙarin tuna yadda muryar Nunziata ta sauka a layi na biyar, sai ƙarar fiyanonsa kawai yake ji.

Daga ƙasa muryar Brigida ta taso, ta riga ta soma gwada hawa da sauka. Ya fere alƙalami, ya tsoma a tawada. Daga layi na takwas ya fara saka ƙahon, domin na farkon bai iya taɓa shi ba tukuna.